Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Suturar Zuwa Ofis

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya baƙunta, ya kuma sabon aiki? Mu nan Kano lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifiyarka ta shaida mini ka ce albashin farko na shigowa za ka aiko a yanko maka shaddar Getzner kala uku, don kada abokan aiki su raina ka. Shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Kada ka zaci zan hana ka kwalliya. Ni ma so nake in ka shiga Sakatariyar Tarayya a gan ka fes. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani ya ce wa Manzon Allah (SAW) mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, sai ya amsa masa da cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Abin da nake jiye maka shi ne ka ɗauka tsadar yadi ce take fito da mutum. Ɗinki ne da kulawa suke fito da shi.

Fara da tela. Yadi mai matsakaicin kuɗi a hannun gwani ya fi shadda mai tsada da aka ɓata. Ka tsaya a auna ka da kyau, kada ka aika tsohuwar riga ka ce a kwaikwaya. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda kafaɗarka ta ƙare, hannu ya kai wuyan hannu ya tsaya, wando kada ya share ƙasa. Wannan ɗinkin ɗame jiki da samari suke yayi ba na ofis ba ne. Wanda zai wuni a kujera, ya yi ruku'u da sujada a Azahar da La'asar, yana bukatar rigar da za ta sake masa. Aikin wuyan riga ya zama kaɗan, zarensa kalar yadin. Babbar riga mai aska takwas ka ajiye ta sai ɗaurin aure da Sallah. Ƙaramin ma'aikacin da ya fi daraktansa cika ɗaki bai yi wa kansa gata ba.

Shawarata, ka yi kaftani biyar na yadi mai auduga da yawa: ruwan toka, sararin samaniya, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa, sai fari guda na Juma'a. Ka tuna daga Mararaba kake tasowa, cikin cunkoson hanyar Nyanya, a matse da mutane a mota. Yadi mai roba riƙe zufa yake yi, kafin ka isa ofis ka jiƙe, sanyin esi kuma ya busar da ita a jikinka ta bar wari. Damina a Abuja ta fi ta Kano tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba, sannan ga ƙurar hunturu. Fari ba ya jure ko ɗaya daga cikinsu. Singileti mai tsabta a ciki kullum, wannan ba sai na faɗa ba.

Getzner kuwa, ta asali daga ƙasar Ostiriya ake saƙo ta, kuma a Kantin Kwari akwai jabunta birjik, wadda sheƙinta ke gudu da wankin farko. In lokaci ya yi ka yi guda ɗaya tak, ni zan kai ka wurin wanda na yarda da shi. Shadda ba ta son sabulu mai kaifi, ba ta son rana. A inuwa ake shanya ta, a kai wa masu bugu, domin bugu ne yake dawo mata da sheƙi. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya tsaya a yadi.

Sai hula, wadda a nan ne idon mutane yake fara sauka. Zanna bukar biyu ko uku ɗinkin hannu sun ishe ka. Ba sai hula ta zama kalar riga sak ba. Ya isa a ce zare ɗaya a cikin aikinta ya ɗauko kalar rigar. Ka riƙa kai su wurin masu wankin hula, don hula mai maiƙo a baki tana zubar da darajar kaya komai tsadarsu. Akwai kuma abin da nake so ka riƙe sosai: hula tana magana. Malam Aminu Kano ya yi suna da fararen kaya marasa ado da jar hula, yau kuma a Kano jar hula alamar Kwankwasiyya ce. A wurin 'yan'uwanmu Ibo, jar hula ta masu sarauta ce. Kai ma'aikacin gwamnati ne, teburinka na kowa ne. Kada ka sa abin da zai sa mai neman haƙƙinsa ya yi tunanin ka riga ka zaɓi ɓangare.

Ranar da aiki ya bukaci kwat, ka sa ta ba tare da jin kunya ba, amma ta zama taka, ba aro ba. Guda ɗaya mai duhu, farar shat, baƙin takalmi sau-ciki da bel baƙi. In za ka sayi laktaye ka duba, da yawa daga masu tsadar alharini ne zalla, kuma ka san hukuncinsa ga namiji, haka ma zinariya a agogo ko zobe. Kada kuma wani ya sa ka ji kamar kayanmu ba su kai na shiga babban taro ba. Da babbar riga da hula Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, duniya ta saurare shi.

Takalmi biyu, kana hutar da ɗaya, kana goge su tun da dare. Ka ajiye silifas a ƙarƙashin tebur don alwala kawai, kada ka yi yawo da su ofis-ofis. Safa a canza kullum. Turare ɗan kaɗan. Akwai masu asma a cikin abokan zamanka, kuma ɗakin a rufe yake. Aski, gyaran gemu, yankan farce, kowace Juma'a. Guga kuma ka yi ta mako guda duk sanda aka kawo wuta, kada ka jira safiyar Litinin.

Abin da ya fi damuna shi ne bashi. Na yi aiki da mutanen da masu kawo yadi ofis suke jira a bakin ƙofa duk ƙarshen wata, albashi bai kwana ba ya ƙare. Irin wannan matsi ne yake fara sa mutum kallon hannun masu zuwa neman sa hannu a fayil. Ina roƙon ka, Abba, kada ka karɓi yadi ko hula ko agogo daga wanda takardarsa ke gabanka, ko da ya kira shi tsaraba. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Ka turo awonka na yanzu, na san ka rame a hidimar ƙasa. Yadi biyu na farko ni zan yanka maka, telana zai ɗinka, a ba direban da zai zo Abuja. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya sa ka gama da aikin nan lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka