Wasiƙa zuwa Agadas: mu auna duniya da inuwar sanda

Kano, Najeriya.

Zuwa ga aminina Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Yaya zafin Agadas, yaya ƙoƙari da yara? Allah ya ƙara taimako.

Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka kan yadda za ka koyar da abin da masanan Girka na zamanin da suka faɗa game da ƙasa da sama, ba tare da darasin ya koma haddar sunaye ba. Shawarata ita ce ka sa yaran su maimaita awon girman duniya da masanin Girka Eratostenis ya yi, da hannunsu, ku a can mu a nan. Garuruwanmu biyu sun dace da aikin ƙwarai: Agadas tana arewa da Kano kusan sak, tsakaninsu kuma akwai digiri 5.

Amma kafin a kafa sanda, yaran su san inda maganar ta samo asali. A ƙarni na 6 kafin Miladiyya, Talis na birnin Militus ya ce ƙasa a kan ruwa take yawo. Anaksimanda, ɗan garinsu, ya ce siffarta ta guntun ginshiƙi ce, kaurinta sulusin faɗinta, kuma ba abin da ya tokare ta, tana tsaye ne don nisanta da kowane gefe ɗaya ne. A ganina wannan ita ce magana mafi ƙarfin hali a zamanin, domin ta kashe tambayar nan ta “to shi abin da ya riƙe ta me ya riƙe shi?” Bayansu Anaksagoras ya gane cewa wata daga rana yake samun haske, kuma husufin wata inuwar ƙasa ce ke faɗa masa, ko da yake shi ma a shimfiɗe ya ɗauki ƙasar. Aristotal, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin Miladiyya, shi ya tara hujjojin da ido ke iya gani cewa duniya ƙwallo ce. Duk lokacin da aka yi husufin wata, bakin inuwar a lanƙwashe yake, ko ta wane gefe ta shigo, kuma ƙwallo kaɗai ke ba da irin wannan inuwa kullum. Sannan akwai taurarin da ake gani a Masar da tsibirin Kubrus waɗanda ba a ganinsu in an yi arewa. Ya kuma kawo ƙiyasin masu lissafin zamaninsa cewa kewayen duniya sitadiya 400,000 ne (sitadiya ma'aunin nisa ce ta Girkawa), adadin da ya zarce gaskiya nesa.

Eratostenis mutumin Sirini ne, a ƙasar Libiya ta yau. An haife shi wajen 276 kafin Miladiyya, ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariya. Bayanin awonsa ya iso mu ta hannun wani marubuci da ya zo bayansa da daɗewa, Kiliyomidis. A garin Siyini, wato Aswan ta kudancin Masar, ranar da rana ta kai ƙarshen tafiyarta arewa, wajen 21 ga Yuni, sanda a tsaye ba ta da inuwa da tsakar rana. A wannan rana a Iskandariya sanda tana da inuwa. An auna ta da wani kwano mai kama da ƙwarya, da tsinke a tsaye a tsakiyarsa, aka ga inuwar ta ci kashi 1 cikin 50 na cikakkiyar da'ira, wato digiri 7.2. Idan hasken rana yana sauka a garuruwan biyu a jere, bai karkata ga juna ba, to wannan kusurwa daidai take da kusurwar da ke tsakanin garuruwan in an ja layi daga kowanne zuwa tsakiyar duniya. Nisan garuruwan an ɗauke shi sitadiya 5,000. A ninka sau 50, an sami 250,000. An kuma ruwaito masa 252,000, adadin da ke ba kowane digiri sitadiya 700 cif.

Za ka ga ana yawan rubuta cewa ya dace da gaskiya kusan ba kuskure. Ka yi hattara da wannan a gaban yara, domin sitadiya ba tsawo ɗaya gare ta ba a ko'ina. In mita 157.5 ce, amsarsa ta 252,000 kilomita 39,690 ke nan. In mita 185 ce, ta zama 46,620. Kewayen duniya ta arewa da kudu kilomita 40,008 ne. Ban da haka Aswan tana gabas da Iskandariya da kimanin digiri 3, kuma ta ɗan yi arewa da layin da rana ke tsayawa daidai kai a Yuni. Hanyar da ya bi ce abin koyi, ita ce kuma za mu iya gwadawa.

Ranar da na fi so mu yi aikin ita ce 22 ga Afrilu. Kano tana digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma wajen wannan rana, sannan wajen 22 ga Agusta, rana tana bi ta daidai kanmu. Ka ga a ranar Kano ta zama Aswan, Agadas ta zama Iskandariya. Agusta damina ce a nan, hadari zai iya ɓata mana rana, don haka Afrilu ta fi. Idan ƙura ta turnuƙe, mu ɗaga zuwa washegari, amma dole dukanmu mu auna a rana guda, saboda a wannan lokaci rana tana gusawa arewa da kusan sulusin digiri kowace rana.

Ka nemi sanda miƙaƙƙiya, ko rodi, ka kafa ta yadda abin da ya fito daga ƙasa mita 1 ne daidai. Wurin ya zama shimfiɗaɗɗe, daɓen siminti ya fi. Ka zuba ruwa kaɗan ka gani, in ya gangara gefe guda ka canza wuri. Ka ɗaura wa zare ƙaramin dutse ka rataya kusa da sandar, ka duba ta gabas ka duba ta arewa har sai ta yi daidai da zaren. Kada ka raina wannan mataki. In sandar ta karkata arewa ko kudu da digiri 1, wannan digiri kai tsaye zai shiga amsarmu, kuma digiri 1 cikin 5 kashi 20 cikin ɗari ne, wato kilomita wajen 8,000 sun tafi a kan karkatar da ido ba ya ma lura da ita.

Sai lokaci. Tsakar ranar da ake nufi ba 12 na agogo ba ce, zawali ne, lokacin da inuwa ta kai ƙarshen gajartarta kafin ta soma ƙaruwa, wanda ladanai ke lura da shi don sallar azahar. Agogon Najeriya da Nijar an saita shi ne kan layin digiri 15 gabas, mu kuwa muna wajen digiri 8, kowane digiri kuma minti 4 ne. Saboda haka a ƙarshen Afrilu zawali zai same mu wajen 12:25, ku kuna bayanmu da minti 2. Ka shimfiɗa farar takarda a arewacin sandar ka danne ta da duwatsu. Daga 12:00 zuwa 12:50, duk minti 5 yaro ɗaya ya ɗiga alama a kan bakin inuwar, wani ya rubuta lokacin. Bayan an gama a auna kowace alama daga gindin sandar, a ɗauki mafi gajarta.

A nan za ka gamu da matsalar da ta dami masu awo tun zamanin Girkawa: bakin inuwa ba shi da kaifi. Rana ba ɗigo ba ce, faɗinta a sama rabin digiri ne, don haka a kowace mita ta tsawon sanda bakin inuwar yana dusashewa kusan santimita 1. Kuskuren santimita 1 kuwa ya haura rabin digiri, fiye da kilomita 4,000 a amsar ƙarshe. Maganinsa ka yanko ƙaramin gwangwani, ka huda shi da ƙusa, hujin kamar milimita 5, ka ɗaure shi a kwance a kan sandar yadda hujin zai fito gefe. Hasken da ya bi ta hujin zai yi ɗan ɗigo a ƙasa, tsakiyar ɗigon za a yi wa alama. Sai dai yanzu daga hujin za ka auna tsawo, kuma ka saki zaren dutsen daga hujin don ka sami gindin da za ka fara awo daga gare shi. In ka sami rodi mai mita 2, kuskuren hannun mai awo ya ragu da rabi.

Da sanda mai mita 1, ina sa ran za ku sami inuwa kusan santimita 8.7 tana fuskantar arewa, mu kuma kusan babu komai. Don fitar da kusurwa, a raba tsawon inuwa da tsawon sanda a duba teburin tanjan, wato jadawalin lissafi mai nuna kusurwar da ta dace da amsar rabon, ko kuma yara su zana alwatikar a takarda, tsayuwa santimita 25 kwanciya 2.2, su auna kusurwar sama da ma'aunin kusurwa. Za ta ba da wajen digiri 5. A raba 360 da 5, an sami 72. Nisan Kano da Agadas a miƙe kimanin kilomita 555 ne. Sau 72 ya zama 39,960.

Abu biyu kan ɓata lissafin a wannan gaɓa. In mun makara muka auna tsakanin ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, rana ta riga ta wuce Kano ba ta kai Agadas ba, inuwarmu za ta fuskanci kudu taku tana arewa. A nan tara kusurwoyin biyu ake yi. In duka gefe ɗaya suka fuskanta, sai a cire ƙarama daga babba. Don haka kowa ya rubuta inda inuwarsa ta dosa. Na biyu, kada a yi amfani da nisan hanyar mota ta Damagaram, ta fi haka tsawo sosai, za ta kumbura duniyar.

Wannan nisa shi ne raunin aikin, jiya da yau. Kilomita 555 ɗin daga taswira muka ɗauko, masu taswirar kuwa sun riga sun san girman duniya, ya kamata yara su san haka. Halifa Ma'amun, wanda a zamaninsa aka yi ta fassara littattafan Girka zuwa Larabci a Bagadaza, ya aika masana falaki filin Sinjar wajen shekarar 830. Suka yi tafiya arewa da kudu suna auna ƙasa da kansu har awon sama ya nuna musu sun gusa da digiri 1, suka sami cewa digiri ɗaya a ƙasa mil 56 da sulusi biyu ne na Larabawa.

Akwai tambayar da nake fata wani yaro mai kaifin basira zai yi maka, in bai yi ba kai ka jefa musu. Da a ce ƙasa a shimfiɗe take, rana kuma tana kusa, ai inuwar Agadas za ta bambanta da ta Kano haka nan. Gaskiya ne. In ka raba 555 da 0.087, wato amsar raba tsawon inuwa da tsawon sanda, za ka sami rana a nisan kilomita wajen 6,400, lissafin kuma ya zauna lafiya. Ashe sanda biyu ba su isa su nuna duniya ƙwallo ce ba. Eratostenis ya shiga aikin ne ya riga ya karɓi hujjojin irin na Aristotal, ya kuma yarda rana tana da nisan gaske. Wannan na biyun akwai wanda ya yi ƙoƙarin auna shi a zamaninsa, Aristarkus na tsibirin Samos. Ya lura cewa ranar da wata ya kai rabi daidai, hasken rana yana dukansa ta gefe sak, sai ya ɗauki kusurwar da ke tsakanin wata da rana a sama digiri 87, ya fitar da cewa nisan rana ya ninka na wata sau 18 zuwa 20. Kusurwar ta gaskiya saura kamar kashi 1 cikin 6 na digiri ta cika 90, ninkin kuma wajen 390 ne. Tunanin daidai ne, abin da ya kayar da shi shi ne ido ba ya iya tantance sa'ar da wata ya yi rabi cif, kuma kusa da digiri 90 ƙaramin kuskure yana hauhawa matuƙa. Ka nuna wa yaran wannan kusa da kuskuren santimita ɗaya na sandarsu.

Ka gargaɗe su kada kowa ya ɗaga kai ya kalli rana, aikin duk a ƙasa yake, kuma a tanadi ruwan sha da inuwar fakewa, ka fi ni sanin ranar Afrilu a wajenku. Ka kafa sanda uku, kowace da rukuninta, a haɗa amsoshin a raba uku. Ku gwada sau ɗaya mako guda kafin ranar don hannu ya faɗa. Ka aiko mini da tsawon kowace sanda, tsawon inuwa da milimita, inda ta fuskanta, da lokacin da ta fi gajarta, ni ma zan aiko da namu a daren.

Ka gaida mai ɗaki da yara, ka miƙa gaisuwata ga malaman makarantarku. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.