Wasiƙa zuwa ga ɗana a Landan kan kameliyar lambun gidansu

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali, hoton kameliya, itaciyar furen nan ta lambun gidanku, ya iso. Na daɗe ina kallon ganyen nan mai sheƙi kamar an shafe shi da mai, har ya tuna mini gonakin shayi na Kakara a tsaunin Mambila. Ai dangi ɗaya ne. Ganyen shayin da muke sha kameliya ne shi ma, kuma asalinsu duka gabashin Asiya ne, wajajen Sin da Japan.

Ka ce furannin suna zubewa tun ba su buɗe ba, kana ɗora wa sanyin Janairu laifi. Ni ban ga laifin sanyi ba. Tsakanin Yuli da Satumba take ƙulla furen da za ta buɗe da hunturu, in ta sha ƙishirwa a lokacin sai ta zubar da shi daga baya. A watan Agusta kuna nan gida hutu, wa ya ba ta ruwa? Bana ka bar wa maƙwabci amanarta kafin ku taso.

Ruwan ma ba kowanne ba. Leƙa cikin butar shayinku, za ka ga wani farin abu ya kama gindinta. Alli ne na ruwan famfon Landan, ita kuwa ƙasa mai ɗan tsami take so, 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH. In allin ya yi yawa sai ta kasa jan sinadarin ƙarfe, ganye ya koma rawaya. Ka ajiye duro a ƙarƙashin indararo kamar yadda muke yi da damina. In ya ƙare, gara na famfo da a bar ta haka.

Na kuma lura gabas take fuskanta. Furen da ya kwana cikin ƙanƙara, in hantsi ya doke shi nan take sai ya ƙone. Da kaka ka mayar da ita jikin katangar da ke fuskantar yamma. Kada fartanya ta kusanci gindinta, saiwarta a sama-sama take, ruɓaɓɓen ganye za ka shimfiɗa mata. Taki ya tsaya a ƙarshen Yuli, aski kuma sai ta gama fure.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce fure na farko da ya buɗe a ɗauko mata hotonsa tare da jikokinta. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka.