Ruwan alkalin da jiƙon kanwa ba sa gyara jini

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna jin mutane nan Sakkwato suna cewa ruwan alkalin, wato ruwan sha mai sinadarin da ke kishiyar tsami, na kashe tsamin jini. Wannan kuskure ne. Ma'aunin tsami, wato pH, na jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, kuma huhu da ƙoda ke tsare shi. Ruwan nan da ya isa tumbi, tsamin ciki ke cinye shi.

Kanwa takan kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, don haka mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya kiyaye ta. Tsamin jini na gaske yakan kama mai ciwon suga: amai, ƙishirwa, numfashi mai zurfi da sauri. Wannan sai asibiti nan take.

Wasu ma'aikatan lafiya, Sakkwato