Wasiƙa daga Damagaram kan batun kafa sababbin ikilisiyoyi

Ɗan'uwana kuma abokina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya sanyin Faransa? Mu nan hunturu ya shigo, ƙura ta lulluɓe duwatsun Birni, an gama girbi, gero ya shiga rumbu. Wahalar ruwan da ka sani tana nan, 'yan garuwa na ta kai da kawo. Inna na gaishe ka, ta ce ka daɗe ba ka kira ta ba.

Saƙonka ya iso, tare da takardar shirin da ka haɗo. Ka ce ikilisiyarku ta can ta tara kuɗi don a kafa sababbin ikilisiyoyi a ƙasar Damagaram, saboda an koya musu cewa babu hanyar bishara da ta fi wannan. Ka ce in faɗa maka gaskiyar abin da ke raina. To, ga shi.

Tushen maganar na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mutum yana iya jin wa'azi a rediyo ko a waya, zuciyarsa ta motsa, amma idan ya waiwaya babu kowa kusa da shi, wa zai amsa masa tambayoyinsa? Wa zai zo sunan ɗansa, wa zai tsaya masa ranar da dangi suka juya masa baya? Sai da taron masu bi a kusa bangaskiya take samun wurin zama. Haka manzanni suka yi. Bulus da Barnaba sun tashi daga Antakiya, suka bi Ikoniya da Listira da Darba, sa'an nan suka komo ta hanyar da suka bi suna naɗa dattawa a kowace ikilisiya. A Filibi, gidan Lidiya mai sayar da tufafi ne wurin taron 'yan'uwa. A Koranti kuwa Bulus ya zauna shekara ɗaya da wata shida, yana sana'ar ɗinkin tanti da hannunsa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda takardarku ta fara. Shafin farko fili ne da siminti da kwano, da yawan majami'un da za a gina cikin 'yan shekaru. Sai can ƙarshe na ga an ambaci mutumin da zai zauna a wurin. Ɗan'uwa, ka san ƙasar nan kamar yadda na san ta. A nan Zinder 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka fara aiki a Nijar a 1924, lokacin garin nan ne hedikwatar mulkin Faransawa, kafin a mayar da ita Yamai. Daga baya suka buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi, asibitin Galmi ya zo a 1950. Littafi Mai Tsarki cikakke cikin Hausa yana hannun mutane tun 1932. Shekara ɗari ke nan da ɗoriya, kuma har yau Kirista ba mu kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. A cikin garin nan ma, da yawa daga masu zuwa sujada baƙi ne da aiki ko kasuwanci ya kawo daga Benin da Togo da Najeriya. Waɗanda suka riga mu ba ragwaye ba ne, wasunsu sun ƙarar da ƙuruciyarsu a nan. Ƙasar ce ke bukatar haƙuri, kuma duk shirin da bai sa haƙuri cikin lissafinsa ba zai karya zuciyar masu ba da kuɗin, ya kuma tura masu aikin su riƙa ƙara gishiri a rahoto.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 kana can, ta waya ka ji labari. Bayan an sauko daga masallaci zanga-zangar adawa da zanen Annabi Muhammadu da jaridar Faransa Charlie Hebdo ta buga ta rikiɗe, aka cinna wa majami'u wuta, da mishan ɗin Katolika, da cibiyar al'adun Faransa, aka yi asarar rayuka, kashegari abin ya koma Yamai. 'Yan'uwa da dama a barikin soja suka kwana. Na ga bencin da muke zama a kai tun muna yara ya zama gawayi, na ga takardun littafin waƙoƙi iska na yawo da su a tsakar fili. Amma cikin makonnin da suka biyo ba mu daina taruwa ba, a tsakar gidaje, bisa tabarmi. Kuma ba zan taɓa mantawa ba, akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye iyalan Kirista a ɗakunan matansu, suka tsaya a ƙofa suka ce babu mai shiga. Waɗanda aka yi wa wannan alheri mutane ne da suka daɗe a unguwa, ana cin tuwon sallah da su, ana zuwa jana'izar juna. Tun ranar nake auna kowane shirin bishara da wannan tambaya: mutumin da za a aika, zai zama maƙwabci na gaske?

Bari in ba ka labarin wani mai bishara da nakan ziyarta a wani ƙauye gaba da Mirya. Ba zan faɗi sunansa ko na garin ba, ka san dalili. Da ya je, wurin mai gari ya fara sauka, ya faɗi ko shi wane ne da addininsa, bai ɓoye komai ba. Aka ara masa gona. Da damina yana noma gero da wake kamar kowa, da rani yana gyaran babur a bakin hanya. Matarsa tana kitso, kuma ita ce ke raka mata asibiti in haihuwa ta zo da gardama. Shekarun farko daga shi sai iyalinsa suke sujada. Zuwan da na yi na ƙarshe, na tarar da 'yan mutane ƙalilan ƙarƙashin rumfar kara, an jingina waya a bakin ƙwarya ana sauraron karatun Bisharar Luka, don yawancinsu ba su yi boko ba. Wata tsohuwa ta sa aka maimaita labarin ɗan da ya ɓata, ta ce uban nan da ya sheƙa da gudu ya tari ɗansa, a garinsu dattijo ba ya gudu a gaban mutane, lalle ƙaunar ta yi yawa. Aka daɗe ana tattauna wannan. Da aka zo baiko, wato sadakar da ake bayarwa a sujada, wani ya ajiye tiyar gero, wata ta kawo ƙwai. Da wannan geron suka taimaki wata gwauruwa a garin wadda ba ma Kirista ba ce.

Yanzu ka ɗauka an kawo motar siminti wannan ƙauye an tayar da gini mai fenti. Washegari za a ce kuɗin Nasara ne, an zo sayen mutane. Amanar da bawan Allahn nan ya tara a shekaru sai ta zube, kuma 'yan tsirarun da ke zuwa za su ji tsoron a gan su suna shiga. Ga kuma hukuma: tun 2019 akwai dokar da ta tsara harkar ibada, ba a gina wurin sujada sai da izini, kuma ya kamata mu bi ta sau da ƙafa.

Maganar sayen mutane ina so ka jaddada wa 'yan'uwan can. In an haƙa rijiya, ta kowa ce. In an raba hatsi lokacin yunwa, kada a tambayi addinin mai karɓa, kada kuma a ɗaura wa'azi a bakin buhu. Mutanenmu na Damagaram masu mutunci ne da riƙon addini, kakanninmu ne da kawunnanmu. Muna gaya musu abin da muka gaskata a fili, cikin ladabi, mai so ya ji, wanda bai so ba zumunci na nan. Wanda kuma ya zaɓi bin Yesu, sau da yawa yakan rasa abokan ciniki, wani a raba shi da matarsa, wani in ya mutu a rasa inda za a binne shi. Ikilisiyar da ba ta shirya ɗaukar wannan nauyi ba, bai kamata ta yi gaggawar yi wa kowa baftisma don a cika lissafi ba.

Tun ƙarni na 19 Henry Venn na CMS, ƙungiyar 'yan mishan ta Ingila, ya koyar cewa ikilisiyar da aka kafa ta riƙe kanta, ta shugabanci kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Har yau shawarar ba ta tsufa ba. Saboda haka in da ni ne, zan sa kuɗin a kan mutane. A tura ma'aurata 'yan ƙasa makarantar Littafi Mai Tsarki, miji da mata tare, don rabin aikin a cikin gidajen da namiji ba ya shiga ake yin sa. A ba su jarin da za su tsaya da ƙafarsu, ko shanun noma da amalanke, ko keken ɗinki, maimakon albashin da zai yanke ranar da kuka gaji. A kuma bi ta hannun ikilisiyoyin da ke ƙasa, irin su EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, da sauransu, kada a zo da sabon suna a ƙara mana rarrabuwa, wadda muke da ita ta ishe mu. Gini zai zo a lokacinsa, ranar da rumfa ta yi kaɗan, kuma su da kansu za su buga tubalin.

Roƙo ɗaya na musamman: kada a sa hoton kowa ko sunan ƙauye a Facebook. Abin da ke kawo tafi a can yana iya jawo wa wani kora daga gida a nan.

Ranar Lahadi bayan sujada zan karanta wa dattawa takardarku, in ji ta bakinsu, sai in kira ka da dare. In akwai hali, wani daga cikinku ya zo ya yi wata guda tare da mu kafin a yanke komai, gani ya kori ji. Kai ma ka zo da shi, ɗakinka na nan. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka ce musu kilishinsu na tafe ta hannun mai zuwa na gaba.

Naka cikin Kristi,
abokinka na Damagaram