Roƙon Tallafi Domin Horar da Malaman Kimiyya da Lissafi na Firamaren Unguwarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, malamanmu limamai, mai unguwa da dattawan da ke tare da shi, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, tsofaffin ɗaliban wannan makaranta na gida da na nesa, muna gaishe ku da fatan alheri. Wannan takarda daga kwamitin kula da makarantar firamare ta unguwarmu take, wato kwamitin da ake kira SBMC, tare da ƙungiyar iyaye da malamai.

Kun saba da mu. Lokacin da iska ta yaye kwanon azuzuwa kun kawo ɗauki, haka da muka nemi benci, haka da aka gyara bayan gida na 'yan mata. Allah ya saka da alheri. Wannan karon abin da muka zo nema ba gini ba ne, kuma babu bangon da za a rubuta sunan wanda ya bayar. Muna neman kuɗi da kayan aiki ne domin a horar da malamanmu yadda za su koyar da kimiyya da fasaha da lissafi ta hanyar da yaro zai taɓa abu da hannunsa, ya gani da idonsa, sannan ya faɗi dalilin da ya sa abin ya kasance haka.

Duk wanda ya zauna a bayan aji a lokacin darasin kimiyya ya san yadda ake yi. Malam zai cika allo da rubutu, yara su kwafe, a maimaita da ƙarfi har aji na gaba ya ji, a tashi. Ranar jarrabawa yaro zai zubo maka ma'anar maganaɗisu da Turanci babu tuntuɓe. Ka miƙa masa maganaɗisun da ƙusa da tsinke da marfin kwalba ka ce wanne zai kama, sai ya tsaya yana kallonka, domin bai taɓa riƙe shi a makaranta ba. Hadda tana da wurinta, mu da muka tashi a makarantar allo ba za mu raina ta ba. Amma kimiyya ba a haddace ta kaɗai, a nan ne Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce gani ya kori ji.

Ba mu kawo wannan magana don mu ɗora wa malamai laifi ba. Dokar ƙasa ta ce mafi ƙarancin shaidar da za a koyar da ita a firamare ita ce NCE, wato shaidar malanta ta kwalejin ilimi, kuma malamanmu suna da ita. Sai dai malamin firamare shi ne komai a ajinsa. Wanda ya karanta Hausa da darasin Musulunci a kwaleji, ko ilimin zamantakewa, shi ne za a miƙa wa littafin kimiyya da fasaha a ce ya shiga aji huɗu, ajin da yara suka cika shi har bakin ƙofa. Shi ma da yake yaro haka aka koya masa, a kan allo. Me zai bayar in ba abin da aka ba shi ba? Da yawanku kun tuna abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa aka ce 21,780 ba su ci ba, aka sallame su. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan mataki. Namu ra'ayin shi ne jarrabawa tana nuna inda rauni yake, amma ba ta koya wa malami komai. Horo ne yake koyarwa, shi ma sai wanda aka bi bayansa.

Hanyar da muke son bi ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Tun 2006 aka fara wani shiri a Najeriya mai suna SMASE, da taimakon hukumar JICA ta ƙasar Japan, don ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a firamare. An soma shi a jihohin Kaduna da Neja da Filato, bayan an ga yadda irinsa ya gudana a Kenya tun 1998, kuma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, tana cikin masu riƙe da shi. Ginshiƙinsa abu ne mai sauƙin faɗa: darasi ya zama aiki ne da yara ke yi, a yi gwaji, idan babu kayan kanti malami ya ƙirƙiro daga abin da ke kusa da shi. Shi kuma malamin ya tsara darasinsa, ya gabatar, ya waiwaya ya duba inda ya yi daidai da inda ya kauce, ya gyara kafin gobe. Wannan batu na ƙirƙiro kayan aiki shi ya fi jan hankalinmu, domin ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, kuma ba mu ga alamar samunsa nan kusa ba.

Ga misalin abin da muke nufi. A jiƙa zoɓo a tace, a zuba a kofi uku masu haske. A matsa lemun tsami a na farko, a ɗiga ruwan kanwa a na biyu, a bar na uku yadda yake. Na farko zai ƙara ja ya yi haske, na biyu ya juye ya yi duhu ya nufi kore. A zuba lemun tsamin a cikin na kanwar a hankali, sai jan ya fara dawowa. Abin da ɗaliban sakandare ke wahala da shi a darasin sinadarai ke nan, ga shi a gaban yaron aji biyar da kuɗin da bai kai na ƙosan safe ba. Kuma akwai yarinya a ajin da za ta ɗaga hannu ta ce ai innarta tana jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. Malamin da ya samu horo zai kama wannan magana ya gina darasin a kanta. Wanda bai samu ba zai ce ta zauna, ba girki ake yi ba.

Ko ku ɗauki randa. Kowane gida an san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, amma yara nawa ne aka taɓa tambaya me ya sa? Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓun, iska ta busar da shi, a wajen bushewar ya tafi da zafin da ke ciki. Da wannan sani ne wani malami a Jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai tumatir da yalo da alayyahu su daɗe ba su lalace ba, babu lantarki. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan wannan aiki. Yaran aji shida za su iya haɗa irinta a bayan aji. Su sa tumatir ɗaya a ciki ɗaya a waje, su riƙa auna zafi safe da rana suna rubutawa, su zana jadawali. Su yi da bazara, su sake yi da damina, su gano da kansu cewa idan iska ta yi laima dabarar ba ta aiki sosai. A cikin wannan aiki guda an yi kimiyya, an yi awo, an yi ƙira, an yi rubutu. Maginin tukwane na unguwa ma ya samu ciniki.

Lissafi kuma ya fi kowanne neman agaji, domin yaron da ya ɓace a aji biyu ba ya sake gano hanya. Yawancinsu a wajen ara da ajiye suke ɓacewa. Sun ji ana cewa a ara ɗaya, ba su san me aka ara ba. A ba su tsinken tsintsiya su ɗaɗɗaure goma-goma da zare. Idan za a cire 7 daga 32, yaro zai ga tsinke biyun da ke warwatse ba su isa ba, dole ya kwance ɗauri ɗaya. Daga ranar ya san abin da ya ara. Marafan lemo, ƙwallon dabino, mudu da gwangwanin madara, rake da za a yanka gida huɗu, duk kayan koyarwa ne. Yaran nan da yawansu suna talla bayan an tashi, suna ba da canji ba kuskure, don haka ba kai ne babu ba.

Akwai kuma batun harshe. Muna son malam ya fara bayani da Hausa har yaro ya gane, sannan ya ba shi kalmar Turancin da zai tarar a jarrabawa. An gwada koyar da yara da harshen gida tsawon shekarun firamare shida a Ile-Ife daga 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, da Yarabanci, kuma yaran ba su koma baya ba har a Turancin.

Ga yadda muka tsara. Za a yi bita a harabar makaranta a cikin dogon hutu, domin kada a taɓa lokacin darasi. Za mu nemi masu horarwa daga sashen kimiyya da lissafi na kwalejin ilimi mafi kusa da mu, da sharaɗin cewa ba lacca za su zo yi ba. Malamanmu za su zauna rukuni-rukuni kamar yara, su yi kowane gwaji da hannunsu, ya ƙi yi su sake. Za a ba da lokaci na musamman ga yadda ake gwaji a aji mai cunkoso, wato yadda za a raba yara, wa zai riƙe kaya, wa zai rubuta, da yadda za a hana maza biyu masu kaifin baki su mamaye komai 'yan mata su koma 'yan kallo. Za a koyar da kiyaye haɗari: darasin lantarki da batirin tocila kawai, babu mai zuwa kusa da soket, wuta da ruwan zafi kuma a hannun malami suke.

Abin da ya fi bitar muhimmanci shi ne abin da zai biyo bayanta. Mun sha ganin malami ya je bita ya dawo da jaka da takardar shaida, mako biyu ya koma gidan jiya. Saboda haka kowane wata malamai za su haɗu su tsara darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su zauna a baya suna lura da yaran, wa ya gane, wa ya yi shiru, a ina aka rasa su. Bayan an tashi a tattauna a gyara, wani ya sake koyar da shi a wani ajin. Malaman Japan sun daɗe suna yin haka a tsakaninsu. Mai horarwa zai riƙa dawowa sau ɗaya a zango ya zauna da su. Hedimasta ya amince, kuma ba za a fara komai ba sai da sanin ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Kuɗin zai tafi ne a kan alawus da kuɗin motar masu horarwa, abincin rana na malamai a kwanakin bita, da ɗan abin da za a ba su na sufuri, tunda hutunsu za su sadaukar kuma kowa ya san albashin malamin firamare. Sai kayan da ba a iya ƙirƙira a gida: ma'aunin zafi, maganaɗisu, gilashin ƙara girman abu, sikeli, tef na awo, rula, batir da waya da ƙananan ƙwayayen fitila, kwali da almakashi. Sai akwatin ƙarfe mai kwaɗo ga kowane aji, domin kayan da ba su da ma'aji ba sa kai zango. Ba mu rubuta jimilla a nan ba saboda farashi ba ya zama wuri ɗaya. Cikakken lissafin yana manne a allon sanarwa na ofishin hedimasta, ana sabunta shi, kowa yana iya zuwa ya duba.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC mai kula da ilimin matakin farko, kuma a ciki akwai kason horar da malamai. A nan Kano ma an ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Za mu ci gaba da neman haƙƙinmu ta hanyar da ta dace. Amma jiha ce mai dubban makarantu, layi yana da tsawo, yaron da ke aji uku bana kuwa ba zai tsaya a aji uku yana jira ba. Tun 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, sun fitar da likitoci da injiniyoyin da jihar nan ke alfahari da su, kuma da jarrabawa ake shigarsu. Muna so 'ya'yan unguwarmu su isa ƙofar wannan jarrabawa da ƙarfinsu, har da 'ya'yan da iyayensu ba za su iya biyan makarantar kuɗi ba.

Ba mu ƙayyade wa kowa abin da zai bayar ba. Mai kuɗi ya kawo kuɗi ga ma'ajin kwamiti a ofishin makaranta a ranakun aiki, kuma kada ya tafi sai da rasit mai hatimi. Ba mu aiki kowa gida-gida ba, duk wanda ya zo muku da sunanmu babu rasit kada ku ba shi. Mai walda zai iya ɗaukar nauyin akwati ɗaya, kafinta ya yi mana kanta, mai gyaran rediyo ya tara mana maganaɗisun tsofaffin lasifika da guntayen waya, masu sayar da lemo su ajiye marafai. Iyayenmu mata da ke da ƙungiyar adashi za su iya ɗaukar girkin rana ɗaya. Tsofaffin ɗalibai da suka zama ma'aikatan jinya, injiniyoyi ko malaman sakandare, muna roƙon ku ba mu yini guda ku zauna da malamanmu. Waɗanda ke nesa su tuntuɓi hedimasta ko shugaban kwamiti, za a gaya musu yadda za su aiko. Malamanmu limamai, muna roƙon a sanar bayan sallar Juma'a, a kuma tunatar da jama'a hadisin da ya ambaci ilimi mai amfani cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa.

A taron iyaye na ƙarshen kowane zango za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ajiye rasitai a kan tebur. A ranar kuma yara za su baje gwaje-gwajensu a tsakar makaranta, ku zagaya ku yi musu tambayoyi da kanku. Muna so a kammala tara gudummawar kafin a ba da hutun ƙarshen shekara, domin a samu damar sanar da masu horarwa da wuri da sayen kaya.

Allah ya ba da ikon taimakawa, ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.

Kwamitin Kula da Makaranta, tare da Ƙungiyar Iyaye da Malamai