Wasiƙa daga Gadarif zuwa Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da kawunka da iyalinsa. Mu nan Gadarif ta Sudan sai godiyar Allah. An fara yankan riɗi, ƙafar Innarka kuma ta yi sauƙi. Kuɗin da ka turo ta manhajar banki ta Bankak sun shigo. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Na zaɓi rubutu a kan saƙon murya don ina so ka karanta, ka ajiye, ka sake karantawa.

Daren Talata ƙanwarka ta zo ta zauna a gefen tabarmata ta ce, "Baba, zo ka ga Yaya." Na ɗauka hoto ne. Sai ta buɗe taswirar Snapchat, ga ɗan mutum-mutuminka tsaye a bakin teku. Ta shiga nuna mini da yatsa: nan ne shagon da yake aiki, nan gidan Kawu, nan yake shan shayi bayan isha'i, ran Alhamis kuma Balad, tsohon garin Jidda, yake zuwa. Ita murna take yi, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Yarinya 'yar shekara 15, Bahar Maliya na tsakaninku, amma ta haddace fitarka da shigarka fiye da kawunka da kuke kwana gida ɗaya. Na tambaye ta su wa ke ganin wannan, ta ce duk abokan da ka buɗe wa. Nawa ne a cikinsu ka taɓa cin tuwo da su? Ta kuma nuna mini Facebook ɗinka, inda kowane gidan abinci da kowace kasuwa ka shiga sai ka sanar cewa ga ka nan.

Ba ka nan lokacin da muka fito daga Madani a Disambar 2023, shi ya sa akwai abin da ba ka gani da idonka ba. A hanya, abin da masu bindiga suke fara nema a hannun mutum shi ne waya. Sukan sa ka buɗe ta, su bi hotuna, su bi saƙonni, su duba kuɗin da ke banki. Wani maƙwabcinmu da muka hau mota ɗaya, ɗansa yana aiki a ƙasar waje, kuma yaron yana da wannan ɗabi'a taka. Suka ga hotunansa a manyan kantuna, kowanne da sunan wurin a rubuce. Suka sauke dattijon suka ce ɗanka mai kuɗi ne, kira shi. Yaron nan albashinsa bai fi naka ba, bashi ya ci aka sako ubansa. Shi ya yi hoton don nishaɗi, tsoho ya biya a bakin hanya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koya mana cewa labarin inda mutum yake, da abin da ake zaton yana da shi, makami ne a hannun wanda bai da tausayi.

Kada ka ce ai kai ba kowa ba ne, wa zai damu da kai. Waɗanda suka fi mu tsaro ma abin ya ci su. A ƙarshen 2017 manhajar Strava, wadda masu gudu don motsa jiki suke auna tafiyarsu da ita, ta fitar da taswirar hanyoyin da mutanenta suke bi a duniya. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura cewa a cikin hamadar Siriya da Afganistan ana ganin zanen sansanonin soja ɓaro-ɓaro, saboda sojojin suna zagaye su da gudu da na'urar a hannu. Babu wanda ya yi niyyar tona asiri. Sawu ne kawai ya taru a kan sawu har ya zama hanya. Haka naka yake taruwa: yau shago, gobe masallaci, jibi gida, sai a wayi gari wani ya san sa'ar da kake ɗauke da cinikin maigidanka, da sa'ar da babu namiji a gidan kawunka.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna. Gidan nan ba naka ba ne. Kawunka ya karɓe ka, ya ba ka ɗaki a cikin matansa da 'ya'yansa mata. Duk lokacin da ka buɗe Snapchat kana kwance, ƙofar gidansa kake nuna wa mutanen da bai sani ba, bai kuma ba ka izini ba. Ka tuna kuma kai baƙo ne mai igama, wato takardar izinin zama. Saudiyya tana da dokar laifukan intanet tun 2007, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Hoton da kake ɗauka a kasuwa, matar wani na iya faɗowa a ciki.

Ban ce waya ba ta da amfani ba. Da ita muka ci abinci a watannin da babu takardar kuɗi a hannu. A Fabrairun 2024, da layuka suka ɗauke a ƙasar nan, Innarka ta yi kwanaki ba ta iya barci don ba ta ji muryarka ba. To amma yanzu layi ya dawo, kuma ga abin da nake gani: sai ta riƙe wayar ƙanwarka ta ce, "Ga shi can yana kai, bari ya gama zai kira." Ta jira har barci ya ɗauke ta a zaune. Kana kai har ƙarfe biyun dare, ba ka kira ba. Ranar da ka kira kuwa, idonka yana wani wuri, tana ba ka labarin rasuwar ƙawarta kana cewa "to, to". Ba ta faɗa maka ba, ba kuma za ta faɗa ba, kai ne ɗan fari. Ni ne nake faɗa.

Shekara 31 na yi ina koyar da lissafi, bari in yi maka ɗaya. A cikin wayarka akwai wurin da yake ƙirga awannin da ka yi a kanta, ka duba. In awa 5 ne a rana, a shekara sun zama awa 1,825, wato kwana 76 cur, dare da rana. Wata biyu da rabi ke nan. Ka ce mini kana son koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki amma babu lokaci. Ga lokacin nan. Kuma ba raunin zuciyarka kaɗai ba ne, da gangan aka ƙera abin ya zama ba shi da ƙarshe, kana ja yana zuwa. Ba sa karɓar kuɗinka saboda da talla suke ci, talla kuwa ta fi tsada in an san inda kake da tsawon zamanka a kai.

Kawunka ya ce kun je Umra tare, tun daga ɗawafi har Safa da Marwa hannunka yana sama da waya. Kakan da na sa maka sunansa, mahaifinsa da ƙafa ya baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zauna Mai Wurno, nan Sudan, yana noma yana tara guzuri, shekaru suka shuɗe kafin ya kai Sawakin ya hau jirgin ruwa. Ɗakin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa don ya gani sau ɗaya, kai tafiyar awa guda ce tsakaninku, ka je kuma ta cikin gilashi ka kalle shi. Annabi Yaƙub ma ce wa ɗansa ya yi kada ya ba 'yan uwansa labarin mafarkinsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ga abin da nake roƙonka. Yau ɗin nan ka ɓoye kanka a taswirar, ƙanwarka ta ce akwai maɓallin da suke kira na fatalwa. Ka hana manhajoji da kyamara sanin wurinka, sai wadda kake neman hanya da ita. Ka goge tsofaffin sanarwar nan na Facebook. In hoto ya zama dole, ka bari sai ka bar wurin, kuma ban da unguwar kawunka. In an ajiye abinci, waya ta koma aljihu. Da dare ka sa ta caji nesa da shimfiɗarka don asuba ta same ka a sahu. In kana son wani ya san inda kake saboda tsaro, ka faɗa wa kawunka da baki.

Ran Juma'a bayan an sauko, Innarka za ta zauna jiran kiranka. Ka samu wuri ka zauna, ka ba ta rabin awa ita kaɗai. Ka gaishe mini da kawunka, ka ce maganin hawan jinin ya iso.

Wassalam,
Mahaifinka