Sanarwa kan lambun gida na rani

Assalamu alaikum iyayena da ƴan'uwa mata na rukuninmu na Garwa, barkanmu da sanyi.

Hunturu ya kama, lokacin tumatir, albasa da salak ke nan, kafin zafin Maris ya sauko. Za mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar a gidan shugabarmu, unguwar Rumde Ajiya, mu raba iri.

Kowacce ta miƙa wa ma'aji sefa 500 kafin Juma'a. Don Allah a duba gida tukuna, a zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa 6, wanda awaki ba sa kaiwa. Maganar taki ce ta fi damuna: ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi za a cakuɗa da ƙasa. Ban ruwa kuwa da sassafe ko da yamma, a gindi, ban da ruwan omo. Tumatir sai ya yi sati 3 zuwa 4 kafin a dasa.

Mai ganyen darbejiya ta taho da shi, mu gwada haɗin maganin ƙwari.

Allah ya sa albarka, a gaida yara.
Sakatariyarku